Ido Ba Mudu Ba

Ranar da aka fara miƙa mini fensir aka ce in zana bishiya, shekarata 15 da haihuwa. Da a ce wani ya tambaye ni a ranar, da na bugi ƙirji na ce babu abin da na sani a duniya kamar bishiya. A Karaye aka haife ni, a gidan manoma kuma malaman allo. A gindin tsamiyar ƙofar gidanmu aka yi mini askin suna, daga kan mangwaro na faɗo na goce a hannu ina ɗan shekara bakwai, kuma babu irin itacen girkin da ban ɗauko wa mahaifiyata a ka ba. Amma da takarda ta zo gabana, iyakar abin da hannuna ya iya fitarwa shi ne sanda guda a tsaye da dunƙule a kanta, kamar an soke malmalar tuwo da tsinke. Na leƙa takardun abokaina, mu 11 ne, sai na tarar kowa tsinkensa ɗaya da tuwonsa ɗaya.

Wanda ya ba mu aikin wani ɗan bautar ƙasa ne, mutumin Jihar Filato, da ya karanci zane-zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ya yi makonninsa uku na horo a sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Kusalla, nan gefenmu, sannan aka turo shi makarantarmu a shekarar 2017. A gabansa Malam muke ce masa, a bayan idonsa Kofa. Turanci aka ba shi ya koyar, domin babu darasin zane a jadawalinmu, don haka sai ya ware safiyar Asabar ga duk mai sha'awa. A zaman farko ya nuna mana hotuna a wayarsa: mutane a wuraren shaƙatawa na Landan da Faris, zaune a kan benci cikin ciyawa da furanni, kowa da littafi a cinya yana zana abin da ke gabansa. Wani abokinmu mai saurin baki ya ce, "Malam, mu ai ba mu da irin wannan wurin a garinmu." Sai ya tambaye mu da Hausarsa ta Jos, wai inda ake shuka albasa da mangwaro a bakin ruwa me muke kiransa. Muka ce lambu. Ya ce, "To, ku kai ni lambu."

Muka kai shi lambunan da ke kusa da madatsar ruwan Kusalla. Watan Agusta ne, tsakiyar damina, duk inda ka juya kore shar. A tsakiyar wata gonar dawa ya tsayar da mu gaban wata babbar bishiya ya ce mu zana ta. Nan ne muka yi masa tsinke da tuwo. Ya karɓi takardun ya jera su a ƙasa, ya ɗora duwatsu a kai don kada iska ta kwashe, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗaga kai ya dubi bishiyar.

"Me ya kashe wannan itacen?" in ji shi.

Muka fashe da dariyar baƙon da bai san daji ba. Muka yi ta rige-rigen ba shi amsa: ai ba mutuwa ya yi ba, gawo ne. Shi gawo da damina yake zubar da ganye, sai rani ya yi, sauran itatuwa sun tsiraita, sannan shi ya yi tofo. Shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona, don ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare.

Ya bari muka gama, sannan ya ce, "Ashe duk kun sani. To me ya sa kowannenku ya sa masa ganye?"

Babu wanda ya amsa. Na dubi takardata, na dubi gawon. Babu ko ganye ɗaya a jikinsa, sai rassa farare-farare masu ƙaya da suka watsu sama, amma ni na lulluɓe shi da dunƙulen ganyen da babu shi. Ilimin yana cikin kaina, bishiyar tana gaban idona, hannuna kuwa wata bishiya daban ya zana, wadda aka cusa mana tun a firamare. Kunyar da na ji ran nan ita ce mafarin karatuna.

Wata goma muka yi da shi, kuma abin da ya koya mana ba shi da yawa in za a lissafa. Ya koya mana miƙe hannu sosai, a runtse ido ɗaya, a auna tsayin abu da kan fensir da babban yatsa, sannan a ga sau nawa wannan awon zai shiga cikin faɗinsa. Da haka na gano cewa faɗin rassan gawon nan ya fi tsayinsa, abin da da baki aka faɗa mini da na yi musu. Mu muka koya masa karin maganar da ke cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, ya kuwa riƙe ta, kullum sai ya ce wai ido ya san ƙima ne bayan an horar da shi. Ya koya mana fara jan layin da sama ta haɗu da ƙasa kafin komai, da lura cewa layin nan yana sauka in ka zauna, ya hau in ka tashi. Ya koya mana barin reshe mu zana sararin da ke tsakanin reshe da reshe, sai ga reshen ya fito da kansa. Da hunturu ya shigo ya kai mu bakin ruwa da sassafe ya nuna mana yadda hazo ke raba fili hawa uku: abin da ke kusa baƙi ƙirin, na tsakiya toka-toka, na nesa kamar hayaƙi. Ya ce nisa a takarda ba ƙanƙanta abu kaɗai ba ne, har da dusashe shi.

Darasin da ya fi ba ni wahala shi ne na rana. Mai zane a ɗaki yana da fitilarsa a tsaye wuri ɗaya, mai zane a fili kuwa fitilarsa tafiya take yi. Sai ka fara da hantsi inuwa tana yamma, kafin ka gama ta shige ƙarƙashin bishiya, in ka yi nawa ta ɓullo ta gabas, zanenka ya zama mai rana biyu. Maganinsa shi ne ka tsayar da inuwar tun farko da ɗan layi, ka yarda cewa wannan sa'ar kake zanawa, ba yinin duka ba. A nan ya ba mu labarin Claude Monet, mutumin Faransa, wanda a tsakanin 1890 da 1891 ya zana tarin damman alkama na gonar maƙwabtansa fiye da sau 20, da safe da yamma, da sanyi da zafi, don kawai hasken ba ya maimaita kansa. Muka yi mamakin a ce Bature ya ɓata shekara a kan abin da mu muke tarawa a bayan gida. Ya kuma ba mu labarin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, waɗanda suka ce za su karɓi dabarun Turawa amma da su za su zana abin da ke ƙasarsu. Ya ce kada mu ɗauka zane baƙo ne a Arewa, ga shanun da mutanen dā suka zana a jikin duwatsun Birnin Kudu, ga adon bangon gidajen Kano da Zariya, ga aska takwas a gaban babbar riga.

Kayan aiki kuwa abin da ya samu ne. Fensir mai laushi, 2B ko 6B, sai an je Kano. Saboda haka muka koyi cusa siraran busassun rassa a gwangwanin madara, mu rufe, mu huda murfin, mu tura cikin murhu. In hayaƙi ya daina fita sai mu sami gawayin zane. Takardarmu bayan tsohuwar kalanda ce da cikin buhun siminti. Iska ta sha kwashe mana aiki, tururuwa ta sha tayar da mu, yara kuma ba su taɓa barinmu mu kaɗai ba. Akwai ranar da na ajiye zanen da na yi awa biyu a kai na je alwala, na dawo na tarar akuya tana tauna kusurwar ƙarshe.

Ban gaya wa mahaifina abin da nake yi ranar Asabar ba. Ba ƙarya na yi masa ba, na dai ce darasi muke zuwa. Shi malamin makarantar allo ne, mutum marar yawan magana, wanda ko tsawa ba ya yi, kallonsa ya isa. Wata rana da daddare ya kira ni zaure, na tarar da littafina a buɗe a kan buzunsa. Ya buɗe daidai shafin da na zana wani masunci yana jefa koma, da fuska da komai, zanen da na fi alfahari da shi.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba."

Ya yi shiru har na fara jin bugun zuciyata. Sannan ya ba ni labarin mutumin da ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, ya ce masa da yin hotuna yake ci, Ibn Abbas ya tsoratar da shi game da surar abu mai rai, da ya ga hankalin mutumin ya tashi sai ya nuna masa cewa in ba makawa ga bishiyoyi nan da sauran abubuwa marasa rai. Baba ya ce a gidansa wannan ce iyaka. Bai yaga komai ba. Ya miƙo mini littafin ya ce in cire abin da na san ya kamata in cire. Shafi shida na cire da hannuna, na kai murhu, ina hawaye ina ɓoyewa.

Hukuncin wannan mas'ala na malamai ne, sun kuma yi magana a kai da faɗi. Nawa shi ne in faɗi gaskiyar abin da na ji: na yi fushi na kwana da kwanaki, ina ganin an datse mini hannu ɗaya. Abin da ya sauko da ni ƙaramin abu ne. Bayan kamar mako biyu, ina zaune ina gyara zanen gawon nan, sai inuwarsa ta faɗo a kan takardar. Ya tsaya ya duba, ya ce, "Wannan ai gawon gonar kawunka ne na hanyar Kusalla. Ga reshen da tsawa ta karya." Ban rubuta suna a jiki ba, bishiyar kawai ya gani ya gane ta kamar yadda ake gane mutum. Washegari ya ba ni ƙullin ƙaro, irin wanda yake haɗa tawada da shi, ya ce in jiƙa kaɗan in yayyafa a kan gawayin don kada ya goge. A ranar na tuna cewa mutumin nan shi ke yi wa ɗalibansa zayyana a allo in sun sauke, da zare da tsinke yake fitar da da'ira da kusurwa ba tare da kuskure ba. Ashe a gidan mai zane na tashi, sunan ne kawai ba a kira ba.

Kofa ya gama hidimarsa ya tafi, ya bar mini fensir uku da rabin magogi. Na ci gaba ni kaɗai. A hutun shekarar 2019 na je wurin kakata ta wajen uwa, wadda ke zaune da kawuna a yankin Turawa, bakin babban ruwan Challawa. Madatsar nan, wadda aka kammala a 1992, tsayinta mita 42 ne, tsawonta ya kusa kilomita 8, tana kuma iya riƙe ruwa kimanin mita kubik miliyan 900. Daga nan kogin ke gangarawa ya haɗu da kogin Kano, su zama kogin Haɗeja. Alherinta a bayyane yake: kawuna da kansa da kifinta da noman raninta yake riƙe gida. Sai dai a ƙarƙashin wannan ruwa akwai gonaki da rijiyoyi da kufan gidaje, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne gidan da aka kai kakata tana amarya, inda ta haifi 'ya'ya bakwai ta binne biyu.

Yana ta riga ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara. Da na gaishe ta sai ta ce, "Maigida, an ce ka zama mai zane. To zana mini gidanmu."

"Kaka, ai ban taɓa ganinsa ba."

"Ni na gan shi. Kai riƙe fensirinka, ni in riƙe ido."

Duk abin da aka koya mini ya ginu ne a kan cewa gani ya kori ji, ga shi an kawo ni inda babu abin da ya rage sai ji. Sau huɗu ina zanawa daga bakinta, sau huɗu tana kai takardar dab da idonta ta ture. Na farko ta ce ƙauyen littafin makaranta ne. Na biyu ta ce na sa kuka a yamma da rijiya alhali a gabas take. Na huɗu ta ce komai yana nan amma ba nan ba ne. Na gane cewa tsinke da tuwo na sake yi, wannan karon da gari guda.

Sai a watan Afrilu, da ruwa ya ja baya, kawuna ya ɗauke ta a babur ni ma na bi su, muka je iyakar inda ƙafa ke iya zuwa. Aka shimfiɗa mata tabarma a kan busasshen taɓo. Ta nemi a nuna mata alƙibla, ta juya, ta daɗe tana ƙifta ido, can sai ta nuna wani tudu mai dutse a ƙetaren ruwa. Ta ce daga bakin turminta, in ta ɗaga kai, dutsen nan yana daidai kafaɗar kukar. Nan na sami abin da na rasa. Na zauna a gefenta na ja layin sama da ƙasa, na auna tudun da fensir, na zana shi yadda yake a gabana, da kututturan itatuwan da suka leƙo daga ruwa. Bayan ƙasar ta zauna daidai sai na ce ta fara. Ta ba ni kuka mai kogon da zuma ke ciki, ta ba ni rumbu uku, na tsakiya ya ɗan karkace, ta ba ni dangar kara da hanyar da ke bi ta bayan masallaci zuwa kasuwa. Ina sawa tana gyarawa har la'asar.

Da na miƙa mata, ba ta ce ya yi kyau ba. Ta ɗora yatsa a kan takardar ta fara tafiya da shi gida-gida, tana kiran sunayen maƙwabtanta, tana cewa Allah ya jiƙan wance, wane kuma yana Kano wurin 'ya'yansa. Kawuna ya juya baya yana duban ruwa. Da ta zo ƙofar ɗakinta sai ta ce na sa ta tana duban kudu alhali gabas take duba, na karɓa zan gyara, ta riƙe. Ta ce in bar shi, ta gaji da tashi. A shekara mai zuwa ta rasu. Da aka buɗe akwatinta aka sami takardar a ninke cikin farin yadin da ta tanada wa kanta.

Darasi na ƙarshe a ƙasar Rogo na same shi, kuma saura kaɗan in biya shi da tsada. A ƙarshen 2021 na je wurin gwaggona a wani ƙauye, lokacin matsar rake, ko'ina ƙamshin mazarƙwaila. Da safe na fita ban gaya wa kowa ba, na sami wata 'yar gada a bakin gari inda ake hango fadamar rake da hayaƙin masu dafawa, na zauna na buɗe littafi. Rogo tana iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, a shekarun nan kuma labarin masu satar mutane da masu kai musu rahoto ya hana kowa barci. Ni ban kawo wannan a raina ba. Ban ankara ba sai na ga inuwoyi sun kewaye ni, samari ne da gora da adda. Ɗaya ya fizge littafin ya ɗaga sama ya ce, "Ga hanya, ga gada, ga gidaje. Taswira yake zana musu!"

Na san abin da taro ke iya yi kafin a tsaya bincike. Bakina ya bushe, sunan mijin gwaggona ma ya ɓace mini. Allah ya taimake ni da wani dattijo a cikinsu da ya ce a kai ni wurin mai unguwa tukuna. Aka tasa ni gaba, yara na bi. Mai unguwa ya karɓi littafin ya riƙa buɗewa shafi-shafi ba gaggawa: gawo, kwale-kwale a ɗaure, rumbu, gawo, lambun albasa, gawo kuma. Ya ce, "Ɗan wa ne kai?" Na faɗa. Aka aika aka kira mijin gwaggona ya shaide ni. Mutane suka fara watsewa, wasu suna dariya, wasu suna ba ni haƙuri.

"Yaro, da ka shigo garin nan ka yi wa wani sallama?"

"Ranka ya daɗe, ban yi ba."

"To ka ga laifinka. Mai kallon gidan mutane awa biyu bai ce komai ba, ko a zaman lafiya sai an tambaye shi."

Ban taɓa riƙe samarin nan a zuciya ba. Tsoronsu na gaskiya ne, ni ne na ɗauko ɗabi'ar bencin Landan na kawo inda kowace bishiya take da mai ita. Kafin in tashi mai unguwa ya ce tunda na iya, akwai aikin da zan yi masa. Tsohon masallacinsu na ƙasa, mai azara da ginshiƙai biyu, za a rushe shi bayan kaka a gina na bulo. Kwana biyu na yi ina zana shi, wanda ya fizge mini littafi shi ya riƙa korar mini yara. Yau masallacin bulo ne a wurin, na ƙasan kuma yana rataye a zauren mai unguwa.

Sai da na tafi Kano karatun koyarwa sannan na zauna a irin wurin da Kofa ya nuna mana a waya. Na shiga gidan zu na Audu Bako, na sami benci a inuwar manyan itatuwa, na yi zane tun hantsi har azahar, babu wanda ya ce mini ɗan wa ne kai. Na ji daɗin wannan sakewa, na kuma fahimci amfanin a ce gari yana da fili na kowa da kowa, inda talaka zai zauna ya huta ba tare da ya nemi izini ba. Amma na ji wani irin kaɗaici, domin babu wanda zai leƙo ya ce ga reshen da tsawa ta karya. Na kuma hau Dutsen Dala, inda Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya tsaya a watan Fabrairun 1851 ya zana birnin da ke shimfiɗe a ƙasa. Har yau in ana son a nuna kamannin Kano ta wancan zamani, zanensa ake ɗaukowa. Ina tsaye a wurin tambaya ta zo mini: in baƙo mai wucewa ne ya adana mana fuskar Kano, wa zai adana ta Karaye da Rogo, inda baƙi ba su cika tsayawa ba?

An sha ce mini wahalar banza nake yi, tunda waya tana ɗaukar hoto cikin ƙiftawar ido. Ina da waya, ina kuma ɗauka. Sai dai hotunan da ke cikinta sun fi dubu, kuma ba zan iya faɗa maka rassa nawa ne a bishiya ɗaya daga ciki ba. Abin da na zauna na zana kuwa, ko an ƙone takardar yana nan. Gidan kakata ma babu wayar da za ta iya ɗaukarsa.

A 2023 na dawo gida na bi hanyar Kusalla, na tarar babu gawon. Gonar ta sauya hannu, sabon mai ita ya sayar wa masu gawayi. Na tsaya a kan kututturen na ƙirga abin da ke hannuna: zanensa 14, na damina da na rani, na hazo da na tsakar rana. Ban iya zagin kowa ba, domin a aljihuna ma gawayi ne, kuma tuwon da zan ci da daddare da shi za a dafa. Na kai wa Baba labari, ya ce in ɗauko zanen nan mai karyayyen reshe. Ya duba, ya sa shi cikin gafakarsa.

Yanzu ni ke fita da yara ranar Asabar, su takwas ne, uku mata. Kafin mu zauna a lambun kowa sai mun je mun yi masa sallama, mun faɗi 'ya'yan wa muke da abin da ya kawo mu. Yawanci mai lambun yakan bar aikinsa ya zo ya tsaya a bayanmu, ya riƙa gyara mana: wannan mangwaron ai ya fi haka karkata. A daminar da ta wuce na kai sababbin cikinsu gaban wani matashin gawo da ke tasowa a gefen hanya, na raba musu bayan kalanda, na koma gefe na zauna. Da suka gama na jera takardun a ƙasa, na ɗora duwatsu a kai. Tsinke da tuwo ne, guda biyar. Na ɗaga kai na dubi bishiyar, na tambaye su abin da ya kashe ta, suka fashe da dariya.